Dashen tuffa da sauran kayan marmari a ƙasar da sanyi ke wuce digiri 40 ƙasa da sifili

Baban Ilham: Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka riga mu zama a ƙasashen sanyin nan. Allah ya nufa mun tashi daga cikin birnin Edmonton da ke jihar Alberta a Kanada mun koma wani gida a bayan gari, mai fili kimanin eka uku. Mai gidan na da ya bar tsofaffin bishiyoyin tuffa biyu, sun cunkushe sun yi duhu, da alama an daɗe ba a sa musu almakashi ba, sai kuma layin rasberi a jikin shinge. Ni da uwargida muna so mu mayar da bayan gidan lambun marmari, abin da za a dasa sau ɗaya a yi ta ci shekara da shekaru. Yanzu muna tsakiyar Satumba, kuma wani babban kanti ya karya farashin dashen da ya rage masa, har da tuffar Honeycrisp wadda yara suka fi so. In saya in dasa yanzu, ko in jira bazara? Su kuma tsofaffin biyun, in yi musu aski kafin ƙanƙara ta sauka?

Maman Sadiq: Wa alaikumus salam. Ma sha Allah, Allah ya sa albarka, ya sa gidan arziki ne. A gaida Maman Ilham.

Malam Habibu: Wa alaikumus salam. Barka da arziki, Baban Ilham. Amsata a taƙaice: kada ka saya, kuma kada ka yi askin yanzu. Bari in fara da sayen.

Kanada ta raba ƙasarta shiyya-shiyya gwargwadon abin da shuka za ta iya jurewa, ƙaramar lamba ita ce mafi tsananin sanyi. Cikin birnin Edmonton yana shiyya ta 4, saboda gine-gine da kwalta suna riƙe ɗumi, amma da ka fita bayan gari ka koma ta 3. Mu nan Saskatoon ma ta 3 muke. Dashen da manyan kantuna ke kawowa galibi daga wurare masu sauƙin sanyi ake ɗauko shi, a raba wa rassan kantin ko'ina ba tare da duba shiyya ba. Abin da ya rage a Satumba kuwa ya sha zafi a cikin tukunyar roba tun watan Mayu, saiwarsa ta nannaɗe. Ka dasa shi yanzu, makonni kaɗan gare shi kafin ƙasa ta daskare.

Akwai abin da ya fi wannan muhimmanci, kuma takardar da ke rataye a jikin dashen ba ta faɗa. Kusan duk dashen tuffar da ake sayarwa mai aure ne: gindi daban, kai daban. Sunan da aka rubuta na kan ne. Gindin fa? Sau da yawa irin M9 ne na Ingila, wanda ke sa bishiya ta tsaya gajera ta yi 'ya'ya da wuri, amma saiwarsa ba ta jure daskarewar ƙasarmu, musamman shekarar da sanyi ya riga dusar ƙanƙara sauka. Mu a nan gindin da muke nema shi ne na Rasha, irin su Antonovka da Bud 118, ko na ƙananan tuffa masu tsami irin su Dolgo da Ranetka. In mai sayarwa bai san gindin da ke ƙarƙashin bishiyarsa ba, ka bar masa kayansa.

Ka tuna 12 ga Janairun 2024, ranar da filin jirgin saman Edmonton ya kusa digiri 46 ƙasa da sifili. A sanyin nan ne manoman kwarin Okanagan da ke British Columbia suka yi asarar mafi yawan inabinsu da wasu 'ya'yan itace na shekarar. Irin wannan daren ake dubawa a zaɓi abin dasawa, ko da sau ɗaya yake zuwa a shekara goma.

Hajiya Turai: Malam Habibu, na yarda da maganar gindi, amma kada ka kashe wa yaran nan gwiwa a kan Honeycrisp. Ai 'yar sanyi ce. Jami'ar Minnesota ta Amurka ce ta fitar da ita a 1991, a nan jiharmu, kuma mu ma ba wasa muke da hunturu ba. Akwai ta a bayan gidana, ba ta taɓa ba ni kunya ba. Tun asali ma jihar nan da gwagwarmayar tuffa ta tashi. Peter Gideon ya zo bakin tafkin Minnetonka a 1853, ya yi ta dasawa sanyi yana kashewa, har ya samu ɗaya da ta tsira, ya sa mata sunan matarsa Wealthy a 1868. Daga nan aka ci gaba har aka samu Haralson da sauransu. To in mutanen da suka yi wannan wahalar suka ce Honeycrisp ta jure, ni na gaskata su.

Malam Habibu: Hajiya, Allah ya ƙara lafiya, gaskiyarki ta jure sanyinku. Sai dai kudancin Minnesota shiyya ta 4 ne zuwa ta 5, kuma lokacin zafinku ya fi namu tsawo. Honeycrisp sai ƙarshen Satumba take nuna. Na san masu ita a cikin birnin Edmonton, a lungun da gini ya tare iska, kuma suna ci. A fili buɗaɗɗe na bayan gari kuwa caca ce: wata shekara ta nuna, wata shekara sanyi ya tarar da 'ya'yan ɗanye, wata shekarar rassan su mutu har rabi. Ban ce kada ya gwada ba, na ce kada ya gina lambunsa a kanta.

Abin da aka haifa don wannan ƙasa shi zai fara sa wa. Tashar binciken Morden a Manitoba, wadda aka kafa a 1915, ita ta fitar da tuffar Goodland a 1955. Akwai Norland, mai nuna tun tsakiyar Agusta, tana yin 'ya'ya tana ƙarama, illarta ba ta ajiyuwa, makonni kaɗan ta yi gari-gari a baki. Akwai Prairie Sensation ta Jami'ar Saskatchewan. In ka haɗa mai nuna da wuri da mai nuna a baya, ba za su zubo maka lokaci ɗaya ba. Honeycrisp ɗin kuma ga hanya mai sauƙi: tsofaffin bishiyoyinka sun riga sun nuna cewa gindinsu na jure wurin. A bazara a samo reshen Honeycrisp a yi aure a kan reshe ɗaya na tsohuwar. In ya kama, yara sun samu abin da suke so. In sanyi ya kashe shi, reshe ɗaya ka rasa.

Hajiya Turai: To wannan kam na yarda. Auren reshe ya fi.

Maman Sadiq: Ku yi haƙuri in shigo, don duk maganar iri ake yi, alhali abin da na fi gani yana kashe dashe a Winnipeg ba sanyin kansa ba ne. Ɓera ne, da zomo, da rana.

Ɓeran gona yana haƙa hanya a ƙarƙashin dusar ƙanƙara, ya zo gindin bishiya ya yi ta gaigayar ɓawo duk hunturu, ba wanda ya gani. Sai ƙanƙara ta narke a Afrilu ka tarar da farin zobe ya zagaye gindin. Abin baƙin cikin, bishiyar za ta yi toho har ta yi fure, ka ce ta tsira, sai a tsakiyar lokacin zafi ta bushe, don hanyar da abinci ke bi daga ganye zuwa saiwa tana ƙarƙashin ɓawon ne, kuma an yanke ta. Maƙwabciyata ta rasa bishiya mai shekara shida a haka.

Maganinsa a Oktoba ake yi. A samo ragar waya mai ƙananan ramuka, kimanin milimita 6, a zagaye gindin da ita ba tare da ta matse shi ba, a binne bakinta kaɗan a ƙasa. Tsawonta ya wuce inda ƙanƙara ke kaiwa, don zomo a kan ƙanƙarar yake tsayawa ya miƙe. A yanke ciyawar da ke kewaye ƙasa-ƙasa, a janye ɓawon itacen da aka shimfiɗa daga jikin gindi, don nan ɓera ke yin sheƙa. In ƙanƙara ta sauka a tura yara su tattake ta a kewayen kowace bishiya, ɓera ba ya iya haƙa a wadda aka danne.

Rana kuma a Fabrairu da Maris take ɓarna. Da la'asar ta dumama ɓawon ɓangaren kudu maso yamma har ya farka, tana faɗuwa sanyi ya dawo gaba ɗaya, ɓawon ya tsage ko ya mutu. Shi ya sa ake naɗe gindin ƙananan bishiyoyi da farin abin naɗi, ko a shafa farin fenti na ruwa da aka tsarma. A cire naɗin da bazara.

Baban Ilham, tunda bayan gari kake, ka tambayi maƙwabta maganar barewa. In tana shigowa, sai shinge mai tsawon mita 2 da rabi ko kusa da haka.

Baban Ilham: Anti, na gode ƙwarai. Barewa kam tana shigowa, mun ga sawunta a bayan gidan.

Alhaji Garba: Salamu alaikum. Na karanta duk abin da kuka rubuta, kuma zan faɗi abin da ke raina ko da ba zai yi wa wasu daɗi ba. Baban Ilham, ɗana, ka lissafa kuɗin shingen barewa, da raga, da dashe, da wahalar da za ka sha, don bishiyar da sai ta shekara biyar ko fiye kafin ka cika kwando. Mu nan baƙi ne. Aiki ya kawo mu, aiki na iya tashinmu gobe zuwa wata jiha, kuma komai daɗewa gida za mu koma. Wannan kuɗin in ka aika Zariya ko Haɗeja, fili za ka saya ka dasa mangwaro da gwaiba da kashu, 'yan'uwanka su ci, kai ma ka tarar da inuwa ranar da ka koma. Tuffa kuwa ga ta nan jibge a kanti, ba tsada. Na ga mutanenmu da yawa sun zuba ƙarfinsu a gidan da suka sayar bayan shekara huɗu.

Hajiya Turai: Alhaji, Allah ya ƙara girma, a nan kam ban bi ka ba. Mu da muka zo muna cewa shekara biyu za mu yi, yau jikokinmu ake haifa a nan. Yaran da suka tashi ba su taɓa ganin abinci ya fito daga ƙasa ba, wace gona za su riƙe in sun koma Zariyar? A bayan gida ake koyon wannan. Kuma ko an sayar da gidan, ai Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce babu Musulmin da zai dasa itace ko ya yi shuka, tsuntsu ko mutum ko dabba su ci, face ya zama sadaka a gare shi. Yana cikin Bukhari da Muslim. Bai ware wata ƙasa ba. Shi kansa Baban Ilham ai dashen wani ya tarar.

Alhaji Garba: Hajiya, ban musa hadisi ba, Allah ya tsare ni. Cewa nake wanda ke gida ya fi buƙatar sadakar. Mai sayen gida a Alberta ba ya kwana da yunwa.

Malam Habibu: Baba Alhaji, akwai gaskiya a maganarka ta tsawon lokaci, shi ya sa ni ba da tuffa nake ba sabon zuwa shawarar ya cika fili ba. Akwai ƙananan itatuwa masu saurin biya, kuma kuɗinsu kaɗan ne.

Na farko ceri mai tsami na Jami'ar Saskatchewan. Sun fitar da Carmine Jewel a 1999, sannan a 2004 suka fitar da Romeo da Juliet da Cupid da Valentine da Crimson Passion. Tsawonsu bai fi mita 2 zuwa 2 da rabi ba, ba a buƙatar tsani. Ba masu aure ba ne, a kan saiwarsu suke, saboda haka ko sanyi ya kashe saman, abin da zai sake tohowa daga ƙasa irin ɗin ne dai. Guda ɗaya ma tana yin 'ya'ya ita kaɗai. Shekara uku zuwa huɗu ka fara ci. Sirrinsu kada a tsinka da sun yi ja, a bari su yi duhu, sannan zaƙin ke shiga. A wajenku kuma akwai Evans, wadda Ieuan Evans ya gano a wani tsohon lambu kusa da Edmonton a 1976, tana can tana ta 'ya'ya lokacin da ake ganin ceri ba zai yi a yankin ba.

Na biyu haskap, ƙaramin marmari ne shuɗi dogo-dogo, shi ke fara nuna tun ƙarshen Yuni. Furensa na jure digiri 7 ƙasa da sifili, abin da zai ƙone furen tuffa ƙurmus. Sai dai dole iri biyu da ba 'yan'uwan juna ba: Aurora da Borealis, ko Aurora da Tundra. In ka dasa Borealis da Tundra kaɗai, ganye za ka yi ta kallo. Kuma ka tanadi raga, don tsuntsaye na iya share shi a yini ɗaya.

Na uku saskatun, shi ma ƙaramin marmari ne, ɗan asalin ƙasar nan, mutanen asali sun daɗe suna shanya shi suna haɗawa da busasshen nama don guzurin hunturu. Smoky da Northline da Thiessen duk suna yi. Abin da zan hana ka shi ne buluberi. Ƙasa mai tsami yake so, tamu kuwa mai kanwa-kanwa ce, zai yi ta rawaya har ya mutu.

Baban Ilham: Baba Alhaji, na ji kuma na gode, maganar uba ce. Akwai ɗan fili da muke da shi a gida, ƙanena ke kula da shi, kuma ba zan yar da shi ba. Amma yaran nan a nan suke girma, ina so su san ƙasa.

Alhaji Garba: Allah ya yi albarka. Ni dai na faɗi nawa. Ka fara kaɗan, kada ka ci bashi a kan lambu.

Isuhu Ɗan Tawa: Salama alaikum. Ba wanda ya yi maganar iska, kuma a bayan gari ita ce babbar abokiyar gaba. Ni mutumin jihar Tawa ne, na tashi ina ganin layukan dogon yaro da aka dasa a kwarin Majiya, aikin da ƙungiyar CARE ta fara a 1975 don tare iskar da ke kwashe ƙasa tana binne hatsi. Da na zo Alberta sai na tarar da tunanin nan a gonakinsu. Gwamnati ta kafa wurin renon dashe a Indian Head ta Saskatchewan tun 1901, ta raba wa manoma dashe sama da miliyan 600 kafin a rufe shirin a 2013. Layukan karagana, wata gajeriyar bishiyar shinge, da kuke gani kewaye da tsofaffin gidajen gona, daga nan akasarinsu suka fito.

Baban Ilham, duba ɓangaren arewa da yamma na filinka. In babu shingen bishiyoyi, da shi za ka fara kafin tuffa. Iskar hunturu busar da rassa take yi a lokacin da saiwa ke daskare ba ta iya jawo ruwa. Shingen kuma yana tara ƙanƙara a bayansa, ita ke rufe saiwa. Amma kada ka dasa marmarin dab da shi, inuwa da saiwarsa za su danne su, kuma tulin ƙanƙarar na karya ƙananan rassa.

Mu nan Calgary muna da ƙarin matsala, iskar chinook mai ɗumi da ke gangarowa daga duwatsu a tsakiyar hunturu. Ta narkar da ƙanƙara, ta tayar da bishiya daga barci, kwana biyu sanyi ya dawo. Shi ya sa abin da ke yi a Edmonton wani lokaci ba ya yi mana, duk da mun fi su kudu.

Malam Habibu: Madalla da Isuhu. Yanzu maganar aski. Dalilin da na ce kada a yi shi a kaka: yanka yana tayar da bishiya a lokacin da ya kamata ta kwanta, kuma bakin yankan ba zai warke ba kafin sanyi ya shiga. Ƙarshen Maris zuwa Afrilu ake yi, bayan tsananin sanyi ya wuce, kafin toho ya buɗe. Tsohuwar bishiyar da aka yi watsi da ita kuma ba a gyara ta a shekara ɗaya. A fara da matattun rassa, da masu gugar juna, da masu miƙewa sama cak daga tsakiya. Kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin huɗu a shekara. In ka yi mata ƙwal-kwabo, za ta mayar maka da ɗaruruwan tsirrai masu laushi marasa 'ya'ya, kuma su cutar ƙuna ta fi kamawa.

Cutar nan ka san ta tun yanzu. Ƙwayar bakteriya ce, reshe ya yi baƙi kamar an babbaka shi, kansa ya lanƙwashe, ganyen ya bushe bai faɗi ba. Da ka gani ka yanke aƙalla santimita 30 ƙasa da inda baƙin ya tsaya, ka goge almakashi da sifirit bayan kowane yanka, ka ƙone reshen ko ka ƙulle shi a leda.

Taki ma da ƙa'ida. Daga farkon Yuli kada ka ƙara sa mai naitirojin, ko yuriya ko kashin kaji, don sabon tsiron da ya fito a makare ba ya ƙwari kafin hunturu. Haka ruwa: a rage shi daga ƙarshen Agusta, sai ganye ya zube a Oktoba a shayar da su sosai kafin ƙasa ta daskare. Wannan kam ka yi wa tsofaffin bana.

Baban Ilham: Malam, akwai 'ya'yan da suka zubo ƙarƙashinsu da yawa, in na yanka sai in ga layuka masu ruwan ƙasa a ciki. In bar su su zama taki?

Malam Habibu: A'a, kwashe su yau. Tsutsar ƙudan tuffa ce. Ƙudan na saka ƙwai a cikin 'ya'yan a Yuli da Agusta, in sun faɗi tsutsar ta fita ta shige ƙasa ta kwana hunturu, baɗi ta fito ƙuda. A ƙulle su a leda a zubar, kada a sa a ramin taki. In ka dage da kwashewa za ka ga sauƙi. Baɗi kuma in 'ya'yan sun kai girman goro, ka rage su, ɗaya a kowane gungu, tazarar kamar taƙi. Za su fi girma, kuma bishiyar ba za ta yi shekara ɗaya ta huta shekara ɗaya ba.

Maman Sadiq: A isar wa Maman Ilham wannan, don ɓangaren miya ne. Akwai ganyen da ake kira sorel, yana dawowa da kansa kowace shekara, yana cikin na farkon fitowa da ƙanƙara ta narke. Tsaminsa na yakuwa ne, ni da shi nake miyar taushe da fate. A tsinke kan furen da ya fito don ya ci gaba da ba da ganye. Yakuwar gaske ma tana yi in an fara ta a cikin ɗaki a Afrilu, a fitar da ita bayan hutun Victoria na ƙarshen Mayu, amma ganye kawai za a ci. Zoɓorodo ba ya samuwa, don sai yini ya gajarta take fure, mu kuwa a Yuni rana na kai awa 16 zuwa 17, kafin yini ya gajarta sanyi ya kashe ta.

Madadin zoɓo, rubab, wata shuka mai jajayen kara masu tsami. Gindi ɗaya ya ishi gida, kuma yana shekaru da yawa a wuri ɗaya. A dafa jajayen karan da citta da kanumfari, a tace, a sa sukari. Karan kawai ake ci, ganyen guba ne, a gaya wa yara. Asfaragus kuma yana son haƙuri, ba a yankarsa shekara biyun farko, amma daga nan sai ya shekara goma sha biyar ko ashirin yana bayarwa. Na'a-na'a a tukunya za a sa ta, in ba haka ba ta cinye lambun. Tafarnuwa a farkon Oktoba ake binne ta, a rufe da tattaka, a haƙe a ƙarshen Yuli ko Agusta, saboda haka wannan za ku iya yi bana.

Amarya Zainab: Anti Maman Sadiq, zogale fa? Mamata za ta zo daga Kano, ina so ta taho min da dashe.

Maman Sadiq: Ƙanwata, kada ki sa Mama cikin matsala a filin jirgi. Ba a shigo da dashe ko ƙasa Kanada ba tare da izini da takardun lafiyar shuka ba, kuma dole a bayyana duk wani abin shuka da aka taho da shi. Ana sayar da irin zogale a nan. Ki shuka a babbar tukunya, ya sha rana a waje lokacin zafi, kafin sanyin farko ki datse shi ki shigar da shi ɗaki, ki rage masa ruwa sosai. Zai zubar da ganye, kada ki ɗauka ya mutu.

Ɗanjuma Jos: Ina ta bin ku daga Jos da sha'awa. Mu a nan sitiroberi na yi sosai, musamman a Chaha kusa da Vom, amma tuffa sai a hankali, wasu bishiyoyin sai ganye ba fure. Malam Habibu, me ke jawo haka?

Malam Habibu: Malam Ɗanjuma, ƙarancin sanyi ne. Tuffa ba ta buɗe fure da kyau sai ta tara awannin sanyi tsakanin digiri 0 da 7, yawancin iri na buƙatar ɗaruruwan awanni, wasu sama da 1,000. Jos ba ta ba da wannan. Sai a nemi iri mai ƙaramar buƙata kamar Anna da Dorsett Golden, a dasa su tare don su yi wa juna barbara. A tuddan ƙasashe masu zafi kuma manoma kan zage ganyen da hannu bayan girbi, su lanƙwasa rassan su kwanta, don a tilasta wa idanun buɗewa.

Hajiya Turai: Kafin in manta, maganar ajiya. Tuffa na son wuri mai sanyi da danshi, kusa da digiri 0 zuwa 4. Kada a haɗa ta wuri ɗaya da karas da dankali, iskar da take fitarwa na sa karas ɗaci. Waɗanda ba sa ajiyuwa irin Norland a yayyanka a shanya, ko a dafa a sa a firiza. Ni har khal nake yi da ɓawon da ragowar.

Baban Ilham: Allah ya saka wa kowa da alheri. Saura abu ɗaya. Filin ya ɗan gangara, ƙasan akwai kwari mai baƙar ƙasa mai kyau, yana riƙe ruwa. Can na yi niyyar sa sababbin, ko kuma jikin bangon gidan ta kudu inda ya fi ɗumi. Wanne ya fi?

Malam Habibu: Duk biyun ka bar su. Iska mai sanyi nauyi gare ta, da dare gangarawa take ta taru a kwari, saboda haka nan ne raɓa ke fara daskarewa a kaka, nan ne kuma take ƙone fure a ƙarshen Mayu lokacin da tudu ya tsira. Ga shi tuffa da ceri ba sa son saiwarsu ta zauna cikin ruwa. Bangon kudu kuma yana sa bishiya ta yi fure da wuri, sanyin ƙarshe ya tarar da shi a buɗe. Tsakiyar gangaren ya fi, musamman in yana kallon gabas ko arewa. 

Bana ka auna wuraren, ka kafa turaku, ka kashe ciyawar da kwali da ɓawon itace a kai. Tsakanin tuffa da tuffa mita 5 zuwa 6 in gindin babba ne, ceri kimanin mita 2, haskap mita 1 da rabi. A Janairu ko Fabrairu ka yi oda daga masu renon dashe na yankin nan, don kyawawan iri da wuri suke ƙarewa, za su aiko maka a farkon Mayu. Wajen dasawa ramin ya fi saiwar faɗi amma kada ya fi ta zurfi, ka mayar da ƙasar da ka haƙo ba tare da cika ramin da taki ba, mahaɗar auren kuma ta tsaya sama da ƙasa da kamar yatsu huɗu. In ka turo min hoton ganye da 'ya'yan tsofaffin biyun, zan gwada gane irinsu kafin lokacin aure ya zo.